Kwana Goma a Bakin Teku

Asabar, 5 ga Maris, 2016

Fanna ta sake kira daga Legas. Ƙanwata ce, amma tunda ta auri Abdulwahab ta koma can, umarni take ba ni. "Ya Kellu, tikitin jirgi na nan, ke da 'yarki Ammatullahi. Ki zo ki ga teku ki huta." Na ce idan Ba'ana ya dawo ya tarar da gida a kulle fa? Wata goma sha huɗu ke nan da mijina ya tafi Baga sayo kifi, kwana biyu kafin mahara su faɗa wa garin. Ba gawa, ba labari. Zan bar makulli wurin maƙwabciyata Rose. Ba son tafiyar nake ba, na gaji da musu ne.

Talata, 8 ga Maris

Legas. Zafin nan mai ɗanko ne, ba irin na unguwarmu Mairi ba. Fanna ta rubuta jerin wuraren da za mu gani ta manna a firij, sai ka ce jadawalin jarrabawa.

Laraba, 9 ga Maris

Doguwar gadar da ta ratsa ruwa. Abdulwahab ya rage gudu don mu kalla. Ammatullahi ta manne da taga tana ihu wai ruwan ba shi da ƙarshe. A ƙasa gidajen katako ne a kan ruwa, da kwale-kwale, da hayaƙin bandar kifi. Ƙaurin ya shigo mota. Haka rigunan Ba'ana suke idan ya dawo daga Baga. Na ɗaga gilas.

Juma'a, 11 ga Maris

Gidan tarihi. Ƙafafuna ciwo. Na kira Rose sau uku. Ta ce ba wanda ya zo gida.

Lahadi, 13 ga Maris

Bakin teku a Lekki. Kowa na kallon ruwa, ni ina kallon fuskoki. Duk lokacin da igiyar ruwa ta bugi gaɓa sai gabana ya faɗi, ƙarar ta yi kama da fashewar bam da muka saba ji a gida.

Sai na hango wani daga baya, dogo, hula a karkace, yana ɗingisa ƙafar hagu. Ban san lokacin da na jefar da takalmi ba. Na bi shi a guje cikin yashi ina kiran sunan Ba'ana. Da ya juyo, mai ba da hayar doki ne, ko Hausa ba ya ji. Na zauna a wurin. Ammatullahi ta kawo mini takalmana ba ta kalli idona ba. Shekararta tara.

A mota Fanna ta ce, "Ya Kellu, yarinyar nan ta rasa uba. Kada ki bari ta rasa uwa kina raye."

Litinin, 14 ga Maris

Ban fita ba.

Laraba, 16 ga Maris

Wani dajin birai da ke cikin gari. Akwai siririyar gada da aka rataya da igiyoyi a saman bishiyoyi, wai daga ƙololuwa ana ganin rabin Legas. Na ce zan jira a ƙasa. Ammatullahi ta ce, "Mama, ba za ki iya ba dama." Wannan ya sa na hau.

Dole na saka waya a jaka, don hannu biyu ake riƙewa. A tsakiya iska ta kaɗa gadar. Na karanto duk addu'ar da na sani, har da ta cin abinci. Fanna na bayana tana dariya tana cewa da yaren Kanuri in daina kallon ƙasa. Abin da ya ba ni mamaki, tsoron mutuwa na ji sosai. Na ɗauka ya daɗe da barina.

A sama na ɗaga kai. Kore ko'ina, can nesa rufin gidaje da farin hazo inda ruwa yake. Na daɗe a tsaye. Sai da muka sauko na tuna awa biyu ban duba waya ba. Kunya ta kama ni, ban san ta wa ba.

Juma'a, 18 ga Maris

Abdulwahab ya ce in zauna, zai nema mini koyarwa a nan. Na ce a'a. Bai matsa ba, Allah ya saka masa.

Lahadi, 20 ga Maris

Gida. Shingayen sojoji na nan yadda muka bar su. Ƙura ta rufe tsakar gida, na share. Ammatullahi ta tara yaran layi tana ba su labarin gada, rabinsa ƙari ne, wai ita ta riƙe ni.

Da rana na dafa shinkafa da miyar kuka. Sai da na zuba na lura tukunyar ta ƙare a kwano biyu. Tun da Ba'ana ya tafi na uku nake rufewa in ajiye. Mantuwa ce, ina jin. Ammatullahi ta dubi tukunyar, ta dube ni, ta ce ko za mu je gidan namun daji ranar Asabar.

Na ce mu gani.