Kwanon Tuwon da Aka Maido Miki

Zuwa ga Hajo, uwar ɗiyana,

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa irin wadda mai rai ke iya yi wa wanda ya riga shi, ina fatan makwancinki da sanyi da haske. Na san ba za ki karanta wannan ba. Masu karantawa kuwa ban sa ran komai daga gare su ba.

Jiya na je Aliero, na tarar da albasa tsibi-tsibi tana ruɓewa bayan kasuwa, sai na tuna duronmu. Yana nan inda kika bar shi, ya yi tsatsa, kaji na ƙwai a cikinsa.

Kin tuna ranar da likita ya ce hayaƙin itace ne ke cin ƙirjinki, ki bar murhu. Kika yi dariya, kika ce to wa zai tuƙa tuwon, shi? Ni da na yi karatun aikin gona na san in aka rufe ragowar abinci ta ruɓe, takan ba da iskar gas mai kama wuta ba tare da hayaƙi ba. Na sayo duro a Jega, maƙeri ya haɗa mini, na ja tiyo har gindin tukunyarki.

Sai dai littafin bai san gidanmu ba. Ragowar tuwo ta ɗumame ce, ƙanzo a jiƙa shi, dusa ta awaki. Kika ce, "Malam, mu ba mu da abincin zubarwa." Dole na koma ga ruɓaɓɓiyar albasa da kashin shanu, ina ɗauko su bisa babur, rabin garinmu Maiyama na toshe hanci in na wuce.

Ranar da ta kama, 'yar wuta ce shuɗiya. Kika tsuguna kina kallonta kamar jinjiri. Kika tuƙa tuwon dawa har kika kwashe, ba ki yi tari ko sau ɗaya ba. Idonki fari tas. Rabona da in gan shi haka tun kina amarya.

Kamar kullum kika zuba wa maƙwabta, kwano uku. Duka ukun suka dawo a rufe, ba a taɓa ba. Wai an dafa da iskar kashi. Matan da ke hura wuta da busasshen kashin shanu in itace ya yi wuya! Tun da aka kawo ki gidan nan ba a taɓa maido miki kwano da tuwo a ciki ba.

Kin roƙe ni in je wurin Liman, in zauna ƙasa, in yi tambaya kan halaccin girki da wutar, mutane su ji daga bakinsa. Na ƙi. Na tsaya ƙofar gida na kira su jahilai, har da Turanci. Kika ce, "Wanda ka kira jahili ba zai ci tuwonka ba." Mako bai zago ba kika koma kan duwatsun murhu. Kin fi son tari da a ce girkinki ƙazanta ne. Ni kuma na yi fushi, na bar duron ya mutu.

Ranar addu'ar ukunki Liman ya riƙe hannuna, ya ce shi bai ga laifi a wutar nan ba. "Ai ba ka tambaya ba, Malam."

Shekara da shekaru ina zagin garin ga, Hajo, don kar in zauna da wannan maganar.

Ɗiyarki Sa'a tana aure a Andarai. Na je duba ta, ta fito daga ɗakin girki tana goge ido da bakin zane, ta durƙusa za ta gaishe ni, sai tari ya tsare ta. Naki ne, na gane shi. Hannuna ba ya iya ɗaga duro yanzu, kuma ba gidan da zai bar ni in kafa shi, ni da suke kira mahaukacin albasa. Na ci tuwonta, na yaba, na dawo.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya sa inda kike babu hayaƙi. Ki yafe mini, Hajo.

Mijinki,
Bawa