Kunun Ta'aziyyar da Kika Kai wa Madam

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Habi,

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na haihu, Inna. Mace ce, jibi suna, kuma sunanki za ta ci.

Kin tuna Madam, tsohuwar Ba'indiyar nan da kike sarin atamfa a shagon ɗanta a kasuwar Marché Congo? Wata rana kika leƙa bayan kantar shagon, kika same ta zaune gaban 'yar fitila, tana rera waƙa, hawaye na zuba. Ke da saurin tausayi, ba ki tambayi kowa ba. Kika dawo unguwarmu New Bell kika dama kunun gyaɗa, kika yafa mayafi, kika ja ni muka hau babur cikin ruwan sama, wai za mu yi mata ta'aziyya.

Ashe ba wanda ya mutu. Ibada take yi, kukan daɗi ne. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ke kuwa kamar ƙasa ta tsage ki shige. Ta shanye kunun tas, sannan ta ce a addininsu farin ciki shi ne asalin rai, baƙin ciki datti ne kawai a jikin zane, wanki yake jira. Kika ce, "Madam, addininki naki ne, amma wannan magana ta shige ni."

Daga ranar, duk wanda ya ɓata rai a gidanmu sai ki ce ya je ya yi wanki.

Inna, ni na wanke, bai fita ba. Tun ranar da aka fita da ke nake wankin nan, da addu'a da sadaka, har na gaji. Yanzu gida cike yake da 'yan barka, ana suyar cincin, ƙanwarki Goggo Ladi sai guɗa take. Ni kuwa in aka miƙo mini jaririyar, ji nake kamar ajiyar wani aka ba ni. Ina shayar da ita ina kallon bango. Ba na jin komai, kuma abin yana ba ni tsoro.

Jiya ta buɗe ido ta tsura mini. Na so in yi mata murmushi, fuskata ta ƙi.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki. Takwararki kuwa, Allah ya sa kada ta tashi ta ɗauko wannan fuska tawa.

'Yarki,
Balkisu