Fentin Jirgin Izzuddeen

Hor Al Anz, Dubai
Oktoba 2018

Zuwa ga mahaifina, Alhaji Badaru Mai Fenti,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, da Umma, da ƙanwata Wasila, da mutanen gareji a Ƙofar Ruwa.

Baba, ƙaramin jirgin nan mai kujera biyu da nake haɗawa da hannuna duk ranar hutu, in na tashi daga gyaran jiragen kamfani, ya haɗu. Yana wata rumfa a filin ƙananan jirage can bayan gari. Da sanyi ya shigo zan tashe shi gwaji, ni da kaina. Babu fenti a jikinsa, alminiyon ne zalla. Sai an gama gwaji, wataƙila baɗi, a yi masa.

Na san ba kwa son magana mai nauyi ta waya, shi ya sa na ba Alhaji Dikko mai jigilar kaya zuwa Kano daga kasuwar Al Ras takardar nan. A sa mini albarka.

Ɗanku,
Izzuddeen

Kano
Nuwamba 2018

Injiniya,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya. Ka gaida matarka Muhsinat.

Na yi murna, amma ban yarda da tsarin nan ba. Tun kafin a haife ka nake fesa wa motocin mutane fenti, ban taɓa barin mota ta fita daga hannuna tsirara ba, balle jirgin ɗana. Kuma na san halin masu cewa sai baɗi. Da abu ya fara tafiya, mai shi ba ya dawowa gareji.

Ka nema mini biza in zo in yi masa da hannuna. Sannan ka tashi. Allah ya yi albarka.

Mahaifinka

Hor Al Anz
Nuwamba 2018

Baba,

Bayan gaisuwa da neman afuwa. Babu abin da zai fi faranta mini rai kamar hannunku a jikin jirgin nan. Amma ku saurare ni shwaiya, wato kaɗan, kamar yadda Larabawan nan suke cewa.

Jirgin da bai taɓa tashi ba, ba a san inda zai nuna rauninsa ba. In ƙarfe ya fara tsagewa kusa da ƙusa, ko mai ya fara yoyo a gindin fiffike, a farin alminiyon nan take ido zai kama. Fenti yana iya rufe wannan har sai abu ya yi nisa. Murfin injin ma sai an yi ta yanka ana gyarawa bayan an ga yadda yake ɗaukar zafi, aikinku ya lalace a banza. Ga nauyin fentin kansa.

Gaskiyarku ce, akwai jirage a rumfarmu da suka tsufa ba a yi musu ba. Nawa ba zai shiga cikinsu ba. Ku yi haƙuri zuwa baɗi.

Ɗanku,
Izzuddeen

Kano
Disamba 2018

Injiniya,

Bayan gaisuwa. Za ka ga rubutun ya canza. Wasila ce ke rubutawa, ni ina faɗa.

Gaggawar da nake yi tana da dalili, gara ka ji daga bakina. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Na dama ya tafi, na hagu kamar ina leƙe ta ramin makulli. Ana ɗiga magani don ya rage sauri, amma abin da ya tafi ba zai dawo ba. Baɗi ban san me zan iya gani ba.

Duk da haka na sa an karanta mini takardarka har sau biyu. Na sha rufe tsatsa da fenti don mai mota ya matsa, amma mota in ta lalace gefen titi take tsayawa. Ka tashi da shi yadda yake. Kada ka nemi bizar. Wannan umarni ne.

Mahaifinka

Hor Al Anz
Disamba 2018

Baba,

Ina gaisuwa. Allah ya ba ku lafiya, ya sa kaffara ne.

Da na karanta takardarku na ɗauki makullin mota, na ce khalas, shi ke nan, biza zan nema, ku zo ku fente shi gaba ɗaya, abin da zai faru ya faru. Muhsinat ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “In ka yi haka, duk ranar da ka tashi Baba ba zai iya cin abinci ba. Ka nemo abin da za a fenta wanda ba ya ɓoye komai.”

Akwai shi. Murafun tayoyi guda biyu, masu kama da ƙaramin kwalekwale. Ba a ɗaura su a tashin farko, don a riƙa duba birki. Na kai su Al Ras, Alhaji Dikko ya naɗe su da bargo a cikin kayansa. Ku zaɓi launin da kuke so. Shi zan bi in lokacin sauran jirgin ya yi.

Ɗanku,
Izzuddeen

Kano
Janairu 2019

Injiniya,

Bayan gaisuwa. Ga murafunka nan sun dawo.

Na kori kowa daga gareji sai Wasila. Samfefa ba ta buƙatar ido, yatsu sun isa. Feshin ne ya ba ni wuya, don ba na ganin inda na tsaya, sai ta riƙe mini gwiwar hannu tana cewa dama, hagu. Kore na yi. Na ƙara siririn farin layi.

Duk wanda na tambaya sai ya ce ya yi kyau, har da ummanku. Ban yarda da su ba, tausayina suke ji. Kai ka duba ka gaya mini gaskiya, kamar yadda za ka gaya wa baƙo.

Ranar da za ka tashi, kada ka sanar da mu sai ka sauka.

Mahaifinka

Hor Al Anz
Maris 2019

Baba,

Assalamu alaikum, ina fatan ido da sauƙi.

Na tashi, na sauka lafiya. Na kewaya filin, na hango teku daga gefe. Muhsinat ta ƙi kallo, ta zauna a mota tana jan carbi har ta ji na sauka na kashe injin. Bayan tashi na uku na ga siririn zanen mai a ƙarƙashin fiffiken hagu. Wata ƙusa ce a tankin ba ta kama ba. Na gyara.

Kun nemi gaskiya. Murfin dama babu abin cewa. Na hagu fentin ya ɗiga wuri guda ta ƙasa, ya bushe a haka, layin kuma ya ɗan karkace a ƙarshe. Jiya na ɗaura su duka biyu yadda suke, kuma ba zan goge ba.

Matsala ɗaya ce. Mai fentin da zai yi sauran jirgin ya gwada haɗi iri-iri, bai samo koren nan ba. Me kuka zuba a ciki?

Ɗanku,
Izzuddeen

Kano
Afrilu 2019

Injiniya,

Alhamdu lillahi. Na gode da ka gaya mini na hagun. Da ma yatsana ya taɓa wurin.

Koren kuwa, ni ma ban taɓa ganinsa ba. Ina zubawa ne, Wasila tana cewa a ƙara, har ta ce ya isa. Bizar nan ka nema mata ita, ta zo ta tsaya a kan mai fentinku.

Allah ya tsare ka a sama da ƙasa.

Mahaifinka