Awakin Toon Verbakel

Oosterveen, watan Afrilu

Zuwa ga yayata Hanneke,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Kees da yara. Ya ƙafar Mama? Ki ce mata ta haƙura da hawa keke sai ta warke.

Kin tambayi jikin maigidana Wouter. An sallame shi daga asibiti, amma ba Wouter ɗin da kika sani ba ne. Zazzaɓin awaki ne, kuma likita ta ce ya taɓa zuciya. Mutumin da ke ciro maraƙi daga cikin saniya ko haki ba ya yi, yau sai ya huta a tsakiyar matakala. Na sauko masa da gado falo. Asibitin dabbobin namu ni kaɗai nake fama da shi.

Kin tuna Toon Verbakel, mai garken awaki bayan coci? Shi ya kira Wouter, wai akuya ɗaya ce haihuwa ta zo mata a karkace. Wouter ya tambaye shi ko ana ɓari a garken, kamar yadda muke tambayar kowa, ya ce ko ɗaya. Shi ya sa bai sa takunkumi ba, ya durƙusa cikin ciyawar shimfiɗa yana shaƙar ƙurarta. Da ya kwanta ciwo na je da kaina. Bayan rumfa, a ƙarƙashin tarin taki, na ga ƙafafun 'yan awakin da aka yi ɓarinsu birjik. Toon ya ce wai tsoro ya ji kada a hana shi sayar da madara. Ya san cutar, Yaya. Ya kalli tsabar idon Wouter ya yi ƙarya.

A ranar na kai rahoto hukuma. Ban yafe ba, kada ma ki fara yi mini wa'azi.

Ƙanwarki,
Liesbeth

Oosterveen, watan Agusta

Yaya Hanneke,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kun dawo daga bakin teku lafiya. Na gode da bargon, Wouter ba ya rabuwa da shi ko da rana.

Garin nan ya juya mini baya. A shagon burodi matar mahauci ta tambaye ni a gaban kowa ko yau gonar wa zan kai ƙara. Na ce ta mijinta, in ya ci gaba da wanke wuƙa a inda yake wankewa. Manoma uku sun koma wurin wani likita. Ba wanda ke maganar malamar makarantar da ta kwanta da cutar, ko tsoho Sjef da iska ta kai wa cutar har cikin lambunsa.

Toon kuma ya zo ƙofata da cuku a nannaɗe, wai a gaishe da mai jiki. Cukun awaki, Yaya. Na jefa shi a kwandon shara yana kallo. Wouter ya ce na yi tsanani. Shi har yanzu yana da zuciyar tausayi, duk da ita ce ta lalace. Ni tawa lafiyarta ƙalau, kuma jira take.

Taki,
Liesbeth

Oosterveen, watan Disamba

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, na san kin ji an ba da umarnin kashe duk akuya mai ciki a garkunan da cutar ta shiga. An nemi likitocin da za su yi aikin. Abokan aikina da yawa sun ƙi. Ni na ba da sunana, na kuma roƙi a tura ni garken Toon.

Mun shiga cikin fararen kaya, da takunkumi da safar hannu. Aikina duba ciki da na'ura. Mai ciki a shafa mata jan fenti a baya, sai allurar kisa. Toon yana tsaye jikin ƙofa, hularsa a hannu. Da aka jawo wata tsohuwar akuya mai karyayyen ƙaho, ya matso kusa da ni. Ta marigayiyar matarsa ce, ita ta raine ta da madarar kwalba a kicin. Ya ce, "Liesbeth, 'yata, ki ce ba ta da ciki. Wa zai sani?"

Na ɗora na'urar. 'Ya'ya biyu, suna motsi. Na juya masa allon don ya gani da kyau, na ce, "Ni ba na ɓoye abin da na gani, Toon." Da hannuna na shafa fentin. Ya zauna a kan bokiti yana kuka kamar yaro, ban ɗauke idona daga kansa ba.

Da na dawo gida na yi wanka na ba Wouter labari. Ya ce awakin ba su taɓa yi masa ƙarya ba. Gaskiya ya faɗa, na kuma san zan riƙa ganin akuyar nan a raina. Amma rabona da barci mai daɗi irin na ranar tun kafin ya kwanta, kuma gobe ma in aka ce in koma, zan koma.

Ba za mu zo Kirsimeti ba, Wouter ba zai jure tafiyar ba. Ki sumbaci Mama a madadina.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Liesbeth