Awa Shida a Mindelo

Litinin, 10 ga Nuwamba

Mun baro Las Palmas. Ranar Alhamis za mu tsaya a Mindelo. Garinmu! Wata bakwai ina gyaran ɗakunan fasinja a jirgin ruwan nan na masu yawon shaƙatawa, mun tsaya a garuruwan mutane sun fi hamsin, sai yanzu aka ga damar tsayawa a nawa. Shi ma na yini ɗaya, daga nan mu tsallaka teku zuwa Brazil.

Na kira Mama na gaya mata. Ihun da ta yi sai da na janye wayar daga kunne. Na ce ta ba ni Telma. Ina ji tana cewa, "Zo ki gaida Nilda." Sai ƙarar ƙafa, an ruga.

"Ta shige ƙarƙashin gado," in ji Mama. "Kar ki sa a ranki, haka take yi wa mai karanta mita."

Ni da mai karanta mita. Madalla.

Shekararta huɗu. Ni na haife ta, amma Mama take kira Mama, ni kuwa sunana Nilda ta waya. Yana yi mini ciwo, ba sai na ɓoye wa littafina ba. Abu ɗaya nake so ranar Alhamis: ta zo wurina da ƙafarta, ba turo ta aka yi ba.

Talata, 11 ga Nuwamba

Na sami Madam Corazon, shugabarmu ta masu gyaran ɗaki. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Kowa yana son sauka, Nilda."

Na ce, "Madam, ba kowa ne ya bar 'yarsa a garin nan ba."

Ta leƙo ni ta saman tabarau. Da ma na riga na shirya da Komang, 'yar Bali da muke kwana ɗaki ɗaya: za ta ɗora ɗakunana goma sha shida a kan nata, ni kuma in ɗauki nata ranar da muka isa Recife, can Brazil.

"Tara da rabi ki fita. Uku da rabi katinki ya nuna kin dawo. Minti ɗaya ya wuce, kin san sauran."

Na sani. Jirgi ba ya jiran mai goge banɗaki. A bar maka fasfo a tasha, aiki ya ƙare.

Awa shida! Saura kaɗan in rungume Madam, Allah ya taimake ni na tuna ko wace ce.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Na tsara komai a takarda. Ni da nake gama ɗaki fes cikin minti goma sha takwas, awa shida ai dukiya ce. Gaisuwa da kyauta, minti ashirin. Tasi zuwa saman dutsen Monte Verde, a yi hoto. Askirim a dandalin Praça Nova. Shagon takalma. Gidan Anti Filó, minti goma sha biyar kacal, in dai ba ta fara labarin gwiwarta ba.

Komang ta karanta ta miƙo mini. "Ziyara za ki ko binciken tsafta?"

Hassada ce.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Na dawo uku da minti ashirin da takwas. Yashi har cikin kunnena. Na yi nasara! Ɗakunan yamma suna jira, sai gobe.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Muna tsakiyar teku, ina hutun rana. Bari in rubuta kafin wani abu ya sulale mini.

Suna bakin ƙofar tasha, Mama da jakarta mai ɗaukar rabin gida, Telma cikin riga ruwan ƙwai. Ta yi tsawo. Goshina ne a fuskarta, ba wanda zai yi musu.

To, a nan na fara kwafsawa. Na durƙusa, na buɗe haƙora irin yadda aka koya mana, na ce, "Barka da safiya, Telma!" da muryar da nake ƙwanƙwasa ƙofar fasinja. Ni kaina na ji muryar, na ji kunya. Yarinya ta koma bayan Mama, ido ɗaya kawai ake gani. Na ciro 'yar tsanar da na saya a Las Palmas, mai batir. Na danna cikinta, ta tsanyara kuka. Telma ma ta tsanyara nata, ya fi na 'yar tsanar.

Na duba agogo. Mun makara da minti bakwai. Na tsai da tasi.

"Ba na shiga. Laginha nake so," in ji Telma daga bayan Mama.

Laginha! Bakin ruwan da ke nan kusa da tasha, wanda take zuwa duk Lahadi. Na sake duba agogo.

"Nilda, ciro agogon nan ki ba ni," in ji Mama.

"Mama, in jirgi ya tafi ya bar ni fa?"

"Sau tara kika dube shi tun da kika fito, ina ƙirgawa. Ita sau biyu kika dube ta."

Maganar ta shige ni har ƙashi. Na ce ai ba wasa ba ne, aikina ne.

"Jirgin naku ba ya busa ƙaho?"

"Yana yi. In ya rage awa ɗaya."

"To kurma ce ke? Babanki shekara talatin yana sauke kaya a tashar nan, bai taɓa ɗaura agogo ba. Kawo. Da wayar. Wannan takardar kuma ta mece ce?"

Ta karɓe duka. Takardar tsarina, wadda na kwashe hutun rana guda ina rubutawa, da ita ta naɗe soyayyen kifin da ta saya a hanya. Ina kallo man kifin ya cinye Monte Verde.

Muka shimfiɗa zane a Laginha. Telma ta koma can gefe da gwangwanin madara, ta haƙa rami, tana ɗebo ruwan teku tana zubawa, yashi yana shanyewa, tana komawa. Ba ta gajiya, ramin ba ya cika. Ni kuwa zama ya gagare ni. Na kakkaɓe zanen. Na jera takalmanmu daga babba zuwa ƙarami. Na fara tsince guntayen sigarin wasu mutane.

"Zauna, 'yar nan, ba mai ba ki maki a nan," in ji Mama.

Na zauna. Ban san zama yana da wuya haka ba. Ga jirginmu can ya tokare sama, fari tas, ina iya nuna tagogin ɗakunana daga inda nake.

Can sai ga Telma ta matso, ba sosai ba, kamar taku uku. Ta nuna katin da ke rataye a wuyana.

"Mene ne wannan?"

Maganarta ta farko gare ni ke nan, ba ta waya ba. Na ce katin shiga jirgi ne, in babu shi ba za su bar ni in shiga ba.

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Ta gyaɗa kai kamar wata tsohuwa, ta koma wurin raminta.

Hannuna ba su saba zama haka kawai ba. Ban ma sani ba ashe na jawo tawul ɗinta ina naɗawa. Kullum da yamma sai mun naɗa tawul ya zama dabba mu ajiye wa fasinja a kan gado, sau goma sha shida a rana, ko a mafarki ina iya yi. Kafin in farga giwa ta tsaya a kan zane. Sai na ji inuwa a kaina.

"Wannan fa?"

"Giwa."

"Mu ba mu da giwa. Yi kunkurun teku."

Shekara biyar ina aikin nan, na iya giwa, biri, kare, agwagwa, har kada. Ba wanda ya taɓa koya mini kunkuru. Na murɗa nan, na lanƙwasa can, na ajiye.

Ta daɗe tana kallo. "Wannan burodi ne."

Mama ta fashe da dariya har da tari. Na sake gwadawa.

"A'a! Ba ki iya ba. Hannunsa faɗi ne da shi, haka. Kawo."

Ta tako zanen da ƙafafunta jiƙaƙƙu, ta juya baya, ta zauna a cinyata daɓas, ta kama tawul tana gyara wa kunkuru hannu tana yi mini faɗa. Ba wanda ya turo ta. Na dubi Mama, Mama ta ɗauke kai tana kallon teku, wai ita ba ta ga komai ba. Gashin Telma yana ƙamshin man kwakwa da gishiri. Na ƙi motsi, ƙafata ta yi sanyi ta mutu, na bar ta ta mutu.

An kira ni, ɗaki 8120 sun zubar da kofi a gado.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Saura.

Mama ta buɗe tukunyar kacupa, abincinmu na masara da wake, soyayya, da ƙwai a sama. Wata bakwai rabona da ita. Telma ta ce ita za ta ba ni a baki, rabin cokali a bakina, rabi a rigata. Daga nan ta ja ni ruwa. Na cire katin na tura ƙarƙashin tawul don kar ya jiƙe. Muka yi ta tsalle in igiyar ruwa ta zo, tana maƙale a wuyana tana ihu cikin kunnena. Da muka fito ta kwanta a jikina, na ce bari in rufe ido kaɗan.

Ni, Nilda, na yi barci da rana tsaka a bakin teku kamar fasinja.

Ƙahon jirgi ne ya tashe ni. Saura awa ɗaya, tafiyar kuma minti goma ce, ba abin damuwa. Na ɗaga tawul.

Babu kati.

Na kakkaɓe tawul, na kakkaɓe zane, na zazzage jakar Mama a ƙasa, har cikin tukunya na leƙa. Na riga na ga fuskar Madam Corazon, na ga fasfona a hannun ɗan sandan tasha. Ina rarrafe ina tona yashi da hannu biyu kamar kare.

Sai Mama ta taɓa ni da ƙafa, ta yi nuni da haɓa.

Telma tana zaune a kan tulin yashi, daidai inda raminta yake ɗazu. Ta harɗe hannu, ta miƙe wuya, tana kallon sama kamar an ce mata za a yi ruwa.

"Telma, ina katin Nilda?" in ji Mama.

"Ban sani ba."

"Tashi mu gani."

"Na gaji."

Na matsa kusa da ita. Ba ta dube ni ba.

"Ke kika ce in babu shi ba za su bar ki ba. To babu shi. Sai ki zo gida. Akwai wuri a gadona, Mama minshari take yi."

Ban san lokacin da na zube a yashi ba. Dariya nake, hawaye na zuba, mutane suna kallona, ko a jikina. Yarinyar da take shigewa ƙarƙashin gado in ta ji muryata, yau ita ce ta binne mini kati don kar in tafi. Tun da nake ban taɓa jin daɗin sata irin wannan ba.

Mama ta ciro agogona daga cikin kayan da na zazzage. "Ke, Nilda, uku ta gota fa. Ɗaga ta kawai ki ɗauka."

Na ce, "Mama, mai da agogon nan jaka."

Kallon da ta yi mini! Zan riƙe shi har tsufana.

Ban ɗaga ta ba. Na zauna kusa da tulin, na gaya mata gaskiya: dole in koma, Komang tana can tana yi mini aiki, in ban koma ba na cuce ta. Amma zan dawo kafin bikin Karnabal.

"Ki kwana?"

"In kwana."

"Nawa?"

Na buɗe yatsuna goma, na rufe, na sake buɗewa, na yi ta yi har ta gaji da kallo.

"A gadona?"

"A gadonki."

Mama tana ta sauya ƙafa kamar mai jin fitsari. Can Telma ta sauka daga tulin, ta tona da gwangwaninta, ta ciro katin, ta goge shi da rigarta, ta rataya mini da kanta. "Ki koyi kunkuru kafin ki zo."

Na goya ta, muka kama hanya da sauri, Mama a baya da tukunya tana kiran sunayen waliyyai ɗaya bayan ɗaya. A ƙofar tasha mai gadi ya dube mu, duk mun yi buɗu-buɗu, ya ce wa Telma, "'Yammata, wace ce wannan kika hau?"

Ta ce, "Nilda tawa ce. Aro na ba ku."

Na'urar jirgi sau biyu tana ƙin katin saboda yashi. Na hura, na goga a cinya, a na uku ta yi ƙara. Uku da ashirin da takwas. Na hau bene ina ɗaga hannu kamar wadda ta ci kofi, Komang ta ce in je in yi wanka kafin Madam ta gan ni.

Ko abu ɗaya ba mu yi ba daga cikin takardar. Anti Filó za ta yi shekara tana fushi.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Na gwada kunkuru a 8114. Fasinjan ya tare ni a hanya, wai ya ji daɗin kwaɗon.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Recife. Komang ta sauka, ni da ɗakuna talatin da biyu. Bayana kamar an daka.

Madam ta raba fom na kwantiragi mai zuwa. Gurbi biyu ne a ƙasan fom ɗin, wata tara ko wata shida. Shekara biyar ina sa alama a tara, ko karantawa ba na yi. Yau a tsaye na cika, a gajiye, biron ma ba ya ci sosai.

Ta bi shi da ido, ta leƙo ni ta saman tabarau.

"Shida kika sa, Nilda. Kuskure ne? In kawo wani fom?"

Na ce, "Bar shi, Madam, kar a ɓata takarda."