Kibiyar da Ke Yi wa Baba Gani

Gwaggo Zuhura, ki agaza mini da shawara, domin kwana tara kacal suka rage, zuciyata kuwa ta zama kamar kwalekwalen da igiyarsa ta tsinke, ba ta ga tudu ba, ba ta ga ƙasan ruwa ba.

Ni malamin makaranta ne a nan Lamu, shekarata arba'in da takwas. Mahaifina, Mzee Famau, wato Dattijo Famau, ya yi shekara arba'in yana tuƙa jirgin katako zuwa Mombasa, kuma tun ina yaro shi unguwarmu ke jira ya hau rufin bene ya duba jinjirin watan azumi. Idan ya ce ya gani, ba a ƙara tambaya. Bayan rasuwar mahaifiyarmu sai ya shiga wani irin shiru, har gahawarsa kan huce a gabansa. Domin in ɗebe masa kewa na sa wani wasa a kwamfutata, irin wanda ake nuna maka ɗaki maƙil da tarkace, a ba ka sunayen abubuwa goma sha biyu ka nemo su. Kullum bayan la'asar mukan zauna. Da yake hannunsa na rawa, ni ke riƙe linzamin da ke motsa 'yar kibiya a kan allon, ni ke karanta sunayen, shi kuwa ya nuna wurin da zan danna.

Ba zan ci amanar wasan ba, ya yi mana rana. Zanensa abin kallo ne, ba harbi, ba jini, kuma ya dawo mini da dariyar da na ɗauka an binne tare da mahaifiyata. Amma masu shirya shi ba su san tausayi ba. Sukan ɓoye baƙin makulli a cikin inuwa, su kwantar da allura a bakin labule, su ce ka nemo takalmin tafiya kan ƙanƙara, mu da ko a mafarki ba mu taɓa ganinsa ba. Ga agogo yana ƙirga maka numfashi, ga fitilar taimako da sai ta ga dama take cika, idan kuma ka danna ba daidai ba sau uku a ci ka tara.

A cikin wannan ƙunci na fara zunubina. Wata rana na ga Baba ya ƙura wa allon ido, ga ƙatuwar agwagwa a tsakiya, bai gan ta ba. Sai na sulalo da 'yar kibiyar nan a hankali zuwa kusa da ita. Baba ya bi farinta da ido ya ce in danna nan. Tun daga ranar, wata biyar ke nan, haka muke yi. Har baiti na yi wa kaina:

Idon da ya gano jinjirin wata,
Yau ga shi yana bin 'yar kibiyata.

To, likitocin ido za su zo asibitin garinmu nan da kwana tara. Ƙanwata Mwanahawa ta lura yana zuba gahawa a gefen kofi, ta roƙe shi a rubuta sunansa. Sai ya ce mata, yana nufin wani ɗaki na cikin wasan: "Wanda ya tsinci allura a ɗakin mayya, me zai nema wurin wuƙar likita? Tambayi yayanki." Ta dube ni, na dubi tabarma. A dakali kuma da wasan yake rufe bakin abokinsa Mzee Kombo, wanda ke tsokanarsa cewa kwanan nan Baba ya yi wa jaki sallama. Yanzu ma Baba ya ce bana shi zai hau bene duban wata, matakalar kuwa ba ta da madafa.

Na kasa zama, na kasa tsayuwa. Shekaranjiya na fita amsa sallama, na dawo na tarar bai matsa ba, agogon ya cinye lokacin, ya ce jirana yake don wasan ba ya daɗi ga mutum ɗaya. 

Na ɗinka masa rigar mutunci,
Ashe a ciki na sa masa ƙunci.

Shin in janye hannuna ya faɗi da kansa, ko in faɗa masa in karya zuciyar da na sha wahalar ɗorawa?

Ɗan Matuƙin Jirgi, Lamu

Ɗan Matuƙin Jirgi, baitocinka sun yi daɗi, amma kwana tara ba na waƙa ba ne. Yau ɗin nan ku je kai da Mwanahawa a rubuta sunansa. Suna a takarda ba wuƙa ba ne, dubawa za a fara yi, kuma likita ne kaɗai zai ce ko yanar ido ce ko wani abu dabam.

Ban ga laifinka a ranar farko ba, jinƙai ne. Laifin ya fara ne lokacin da ƙanwarka ta dube ka ka yi shiru, don a nan ka zama shaidar zur a kan lafiyar mahaifinka. Kada ka janye hannu ka bar shi yana lalube a gabanka, wannan tarko ne, dattijo kuma ba ya manta wanda ya ɗana masa. Kada kuma maganar ta kai dakali. Ka zauna da shi ku biyu, ka fara da naka laifin, ka nemi gafararsa, sannan ka roƙe shi alfarmar zuwa asibiti.

Ka sake karanta wasiƙarka. Mutumin da ya shekara arba'in yana karanta iska da ruwa, kana jin bai lura da kibiyar da kullum take riga shi isa ba? Ina kyautata zaton ya sani, yana tsoron wuƙa, yana kuma tsoron kada zaman la'asar ya ƙare. Ka tabbatar masa cewa zaman yana nan, ko da me likita ya ce. Ku kashe agogon wasan in ana iya kashewa, ku zaɓi hotuna masu haske, ka kuma taimake shi a fili.

Batun bene, kada ya hau sai kana riƙe da hannunsa. Idan watan azumi ya wuce shi bana, akwai na Sallah a gaba. Allah ya ba shi lafiya, ya sa wannan ya gan shi da idonsa, ya nuna maka da yatsa.

Gwaggo Zuhura