Hoton Baba da Ba Ya Gogewa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Mu nan lafiya lau, sai kewarku. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har ta koma shiga tsohon shagon marigayi Baba da safe tana goge keken ɗinkinsa, ko da yake babu mai hawa. Auta ta yi nauyi, muna jiran haihuwa. Mijinta kuwa, wanda ya raɗa wa kansa suna Injiniya, shi ne dalilin wannan rubutu, kuma ka yi haƙuri idan ka ji alƙalamina da zafi.

Ka tuna shi ya kawo shawarar a saka hoton Baba cikin sarƙar bayanan nan ta kuɗin intanet na kirifto da suke kira bulokcen, wai abin da aka rubuta a can ba ya gogewa har abada, jikoki za su gani. Kai ma ka yi na'am, ni ce kawai na yi shiru. Ya gama, ya turo mana wata doguwar lamba, ni da kai, ya ce da ita ake samun hoton. Tun daga nan Umma ta hana ni sakat sai na nuna mata mijinta. Na ce bari in fara dubawa tukuna.

A ofis ina da wata manhaja ta leƙa sarƙar. Baƙin allo ne kawai, babu hoto, babu abin latsawa, sai dai ka rubuta umarni ta amsa maka da rubutu. Lokacin hutun rana na nemi ta jero mini abin da ke maƙwabtaka da lambarmu. Yaya, juji na tarar. Tallan 'yan damfara, zage-zagen wasu da ban san su ba, hotunan birai sanye da tabarau, da wasu na batsa da na buɗe ɗaya na rufe da sauri ina istigifari. Abincin da na zo da shi ban iya ci ba. Nan ne Injiniya ya ga ya dace da mahaifinmu.

Duk da haka na daure na ciro namu na buɗe. Ba hoton da muka zaɓa ba ne, wanda Baba ke zaune gaban keke da tef ɗin awo a wuya. Ka tuna wanda ka ce Auta ta ɗauka a asibiti don abokinka likita ya ga gyambon da kwanciya ta yi masa a ƙugu? Shi ne. Baba a kwance, zani a yaye, fuskarsa ta juyo yana kallon mai ɗauka. Ina wurin ranar da ya yarda a ɗauka, da sharaɗin a goge da zarar likita ya gani.

Na kira Injiniya. Ashe hotunan da ya kwaso daga wayar Auta duk sunansu lambobi ne, biyun nan suna kusa da juna, shi kuma ya rubuta sunan fayil ɗin a baƙin allonsa ya tura ba tare da ya buɗe ya gani ba. Buɗewar da ba ta kai ƙiftawar ido ba! Da na ce ya cire, sai ya hau yi mini lacca cewa ai kyawun abin ke nan, ko wanda ya ƙirƙiro sarƙar bai isa ya taɓa ba, kwafin hoton na cikin dubban kwamfutoci a duniya. Har da murmushinsa, wai sai a saka na daidai a gefe, babu wanda zai lura. Wallahi tun da nake ban taɓa jin ƙyamar mutum irin ta ranar ba. Don darajar cikin Auta na haɗiye abin da ya zo bakina.

Ban iya yi wa Umma ƙarya ba. Na zaunar da ita a shago, kwamfutata na kan teburin yankan yadi, na gaya mata komai. Ta tambaye ni ko ba a iya gogewa, na ce bakin alƙalami ya bushe. Sai ta ce mutumin nan rayuwarsa duka sutura ya ɗinka wa jama'a, ko ita da take wanke masa ciwon sai ya ce ta kawar da kai. Na ce ko in rufe kwamfutar, sai ta miƙe ta ɗauko ragowar wani yadi daga cikin kayansa, ta lulluɓe ta da shi, ta gyara gefe da gefe kamar mai rufa majinyaci. Ni dai kuka ya ci ƙarfina.

Ga roƙona, Yaya. Na san ka yi niyyar tura lambar nan ga dangi da yaranka. Don Allah kada ka tura, kada ma ka buɗe, ka goge ta daga wayarka. Na tsaya a kan Injiniya har ya goge tasa a gabana, ni ma na goge tawa. Hoton yana can cikin jujin, ba mu da iko da shi, amma wanda bai san lambar ba da wuya ya gane na wane ne. Mantawa da ita ce kaɗai suturar da ta rage mu yi wa Baba, kuma yanzu a hannunka kaɗai lambar take.

Ka gaishe mini da Anti, da ɗanka Babban Mutum, da 'yar lelena Mai Dariya. Umma tana sa muku albarka, Auta tana gaisuwa, ita ba mu gaya mata ba sai ta sauka lafiya. Allah Ya jiƙan Baba, Ya rufa mana asiri duniya da lahira.

Taka ƙanwa,
Uwar Kwamfuta, kamar yadda Baba ke kira na